Yadda Ƙungiyoyin Agaji Ke Ƙulla Hulɗa Da Masu Bayar Da Tallafi

Ranar 20 ga watan Janairun 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wani umurni wanda ya dakatar da agajin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje har tsawon kwana 90. A watan Maris, Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya ba da sanarwar soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar raya ƙasashe ta USAID, kuma daga ranar 1 ga watan Yuli hukumar ta daina gudanar da ayyukan agaji. Ita ma Ingila, wadda ta rage kasonta na agaji daga kashi 0.7 zuwa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a 2021, ta bayyana a watan Fabrairun 2025 cewa za ta sake rage shi zuwa kashi 0.3 daga 2027. A nan gida sai da Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin toshe wani ɓangare na giɓin.

Wannan al'amari ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin kuwa a garuruwanmu su ne galibi ke zama amintattun ƙungiyoyin ci-gaban gari, da gidajen marayu, da makarantun al'umma, da ƙananan asibitoci. Idan tallafi ya yanke, aljihunsu ake fara duba. Ƙungiyar da ta dogara ga mai tallafi guda, kuma ba ta san kowa ba sai akawun da ke karɓar rahotonta, ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ranar da aka rufe wannan. Saboda haka ya kamata a fahimci yadda ake ƙulla hulɗa da masu bayar da tallafi tun kafin buƙata ta taso, kamar dai yadda ɗan kasuwa ke sanin manajan bankinsa tun kafin ya nemi rance.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar neman tallafi a matsayin roƙo. Gaskiyar magana ita ce mai bayarwa shi ma yana da tasa buƙatar. Dokar haraji ta Amurka ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu, irin su Ford da MacArthur da Rockefeller, su kashe kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu a kan ayyukan alheri kowace shekara, in ba haka ba a ci su tara. Ma'ana, gidauniyar da ke da dala miliyan 1,000 tilas ta fitar da wajen dala miliyan 50 a shekara. Kuɗin nan ba ya fita da kansa. Akwai jami'in shiri wanda aka damƙa wa wani kaso, aka ce ya nemo ƙungiyoyin da za su yi aiki da shi a fannin da gidauniyar ta zaɓa. Matsayinsa ya yi kama da na dillali a kasuwar shanu: idan ya haɗa ciniki mai kyau, mutuncinsa ya ƙaru wurin masu dukiya, idan ya kawo wanda ya gudu da kuɗi, shi ne zai sha tambaya a gaban hukumar gudanarwa. Don haka tambayar da ke ransa yayin da yake sauraron shugaban ƙungiya ba ta wuce guda ba, wato ko zai iya tsayawa gaban manyansa ya kare wannan ƙungiya. Duk abin da ƙungiya za ta yi wajen ƙulla hulɗa, manufarsa ita ce sauƙaƙa wa wannan mutum amsar tambayar nan.

Sanin Mai Bayarwa

Mataki na farko bincike ne, kuma ba ya cin kuɗi. Kowace gidauniya mai zaman kanta a Amurka tana cike takardar haraji mai lamba 990-PF duk shekara, kuma takardar a buɗe take ga jama'a ta intanet. A cikinta akwai sunayen waɗanda aka bai wa tallafi da adadin da kowa ya samu. A Ingila ma ana samun rahoton kuɗi na gidauniyoyi a rajistar hukumar kula da ƙungiyoyin agaji. Wanda ya zauna ya karanta jerin shekara uku zai gane abubuwan da ƙasidar talla ba za ta gaya masa ba: ko gidauniyar tana bayar da kuɗi a Nijeriya, ko ta taɓa tallafa wa ƙungiya mai girman tasa, da kuma nawa take fara bai wa baƙo. Ƙungiyar da kasafinta na shekara bai wuce naira miliyan 20 ba, in ta nemi dala 500,000, ta nuna ke nan ba ta yi wannan karatu ba.

Har ila yau, masu bayarwa ba iri ɗaya ba ne, ko da a cikin gida. Gidauniyar TY Danjuma, wadda Janar Theophilus Danjuma ya kafa a 2009 da jarin dala miliyan 100, tana aiki ne ta hanyar bai wa ƙungiyoyi tallafi, musamman a fannin lafiya da ilmi. Gidauniyar Tony Elumelu kuwa, shirinta da ta ƙaddamar a 2015 na matasa masu ƙananan sana'o'i ne, inda take bai wa mutum jarin dala 5,000. Ƙungiyar marayu ba ta da gurbi a ciki. Gidauniyar Aliko Dangote ta fi gudanar da manyan ayyukanta da kanta ko tare da gwamnatoci da manyan hukumomi, kamar yadda ta yi a yaƙi da cutar shan inna. Aika wa dukkansu wasiƙa iri ɗaya ɓata takarda ne.

Kuma manufar gidauniya tana sauyawa. Gidauniyar MacArthur ta fara bayar da tallafi a Nijeriya a 1989, ta buɗe ofishinta a 1994. Daga shekarar 2000 ta zuba kuɗi a jami'o'i huɗu, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Ibadan, da ta Fatakwal. Daga 2015 sai ta mai da hankali ga yaƙi da cin hanci da rashawa, shirin da ta kammala a 2024. Irin wannan sauyi ba a dare ɗaya ake yinsa ba. Ana tattauna shi a cikin gida tsawon lokaci kafin a sanar. Ƙungiyar da ke magana da jami'in shiri a kai a kai takan ji ƙishin-ƙishin da wuri, ta shirya. Wadda ba ta magana da shi sai ranar aika rahoto, a jarida za ta gani.

Shiga ƙofa shi ne mai wuya, domin da yawa daga cikin manyan gidauniyoyi ba sa karɓar takardar neman tallafi daga wanda ba su gayyata ba. Gidauniyar Gates, alal misali, ita ce ke neman waɗanda za ta yi aiki da su a mafi yawan lokuta. Attajirar nan MacKenzie Scott ta raba fiye da dala miliyan 19,000 daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, kuma akasarin waɗanda suka samu ba su nema ba; masu ba ta shawara ne suka yi bincike a asirce suka zaɓo su. Ke nan sunan ƙungiya yana yawo a wuraren da shugabanninta ba su taɓa zuwa ba. Hanyar da ta fi sauƙi ga ƙaramar ƙungiya ita ce ta fara karɓar ƙaramin aiki daga hannun babbar ƙungiyar da gidauniyar ta riga ta amince da ita, ta yi shi da kyau, ta rufe lissafinsa ba tare da tambaya ba. Shaidar wanda aka sani ta fi takarda shafi hamsin. Idan aka samu damar ganawa, ya fi kyau a tafi da taƙaitaccen bayani na shafi biyu: matsalar da ake son magancewa, a wace ƙaramar hukuma, mutum nawa, me aka riga aka yi da kuɗin wa, da kimanin abin da ake buƙata. Ganawar farko ta sauraro ce, ba ta miƙa kasafi ba.

A nan akwai gargaɗi. Wasu mutane suna yawo suna cewa suna da hanya a ofisoshin masu tallafi, suna neman kafin-alƙalami ko wani kaso na kuɗin in ya fito. Gidauniyar kirki ba ta karɓar kuɗin fam, kuma kason da za a yanka wa irin wannan mutum ba shi da layi a cikin kasafi, sai dai a ɓoye shi da rasit na ƙarya. Daga nan ƙungiya ta fara hulɗarta da zamba.

Takardu Da Lissafi

Kafin a kai ga sa hannu, mai tallafi zai binciki ƙungiyar. Zai nemi shaidar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC a matsayin amintattu, wadda a da take ƙarƙashin Sashe na C na dokar kamfanoni ta 1990, yanzu kuma Sashe na F na dokar 2020. Zai duba ko ana kai rahoton shekara-shekara ga hukumar, da lambar haraji, da tsarin mulkin ƙungiya, da rahoton odita na shekara biyu ko uku, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu ke sa wa hannu. Bankuna kuma sun saba neman takardar sashen SCUML mai yaƙi da halatta kuɗin haram. Binciken ya ƙara tsauri bayan da hukumar FATF ta duniya ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a watan Fabrairun 2023, kafin a cire ta a watan Oktoban 2025. Gidauniyar Amurka tana da ƙarin nauyi: ko dai lauya ya tabbatar mata cewa ƙungiyar ta yi daidai da ƙungiyar agaji ta Amurka, ko kuma ta ɗauki alhakin bin diddigin kowace dala ta kai rahoto ga hukumar harajin ƙasarta. Wanda ya san haka ba zai ɗauki yawan tambayoyi a matsayin raini ba. Abin da ya fi kashe ƙungiyoyinmu a wannan mataki shi ne hukumar amintattu wadda ta ƙunshi mai ƙungiya da matarsa da ƙaninsa, da kuma kuɗin ƙungiya da ke shiga asusun shugaba.

Batun da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne kuɗin gudanarwa, wato hayar ofis, albashin akanta, kuɗin odita, man janareta, da gyaran mota. Babu aikin da ke tafiya ba tare da su ba, amma ƙungiyoyi suna jin kunyar rubuta su, don gudun kada a ce suna cin kuɗin talakawa. A ɗauki misali: ƙungiya ta karɓi aikin naira miliyan 40, ta rubuta kashi 10 cikin 100 a matsayin kuɗin gudanarwa, wato miliyan 4, alhali ainihin abin da aikin zai ci mata a ofis miliyan 9 ne. Giɓin miliyan 5 dole ya fito daga wani wuri. Ko dai a riƙe albashin ma'aikata, ko a sallami akanta, ko a ciri kuɗin wani aiki a toshe, ko a kumbura farashin kaya a rasit. Uku na farko suna raunana ƙungiya, na huɗu kuwa laifi ne. Shi kuma mai tallafi, ganin an yi aikin da kashi 10, sai ya ɗauka abin da aiki ke ci ke nan, ya tsayar da shi ƙa'ida ga kowa. Wasu masana biyu, Ann Goggins Gregory da Don Howard, sun bayyana wannan zagaye a wata maƙala ta 2009, inda suka kwatanta shi da horon yunwa da ake yi wa ƙungiyoyi. Kowane ɗan kasuwa ya san ƙarshen wanda ke sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro don ya riƙe abokin ciniki.

Wasu manyan masu bayarwa sun amince da wannan hujja. Gidauniyar Ford ta ninka kason gudanarwa daga kashi 10 zuwa 20 a 2016, ta ƙara zuwa 25 a 2023, ta kuma ware dala miliyan 1,000 domin ƙarfafa ƙungiyoyin kansu da tallafin shekara biyar. MacArthur ta ɗaga nata daga kashi 15 zuwa 29 daga 2020. Gwamnatin Amurka ta ɗaga ƙa'idarta daga kashi 10 zuwa 15 a watan Oktoban 2024. Abin takaici shi ne ƙungiyoyi da dama suna ci gaba da rubuta kashi 5 ko 10 ko a inda aka yarda da fiye da haka, domin ba su taɓa lissafa ainihin kuɗin gudanarwarsu ba, kuma ba su taɓa tambaya ba. Ɗan kasuwar da ke cikin amintattu zai yi wa ƙungiyarsa babban aiki idan ya zauna da akanta suka fitar da wannan adadi daga littattafan bara, domin jami'in shiri yana iya kare adadin da ke da hujja, amma ba ya iya kare wanda aka ƙirƙira.

Canjin kuɗi ma abin tattaunawa ne tun farko. A watan Mayun 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460 a dala. Bayan Babban Banki ya saki naira a watan Yuni, zuwa Fabrairun 2024 dala ta kai wajen naira 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Tallafin dala 50,000 ya tashi daga naira miliyan 23 zuwa miliyan 75 a takarda. Ƙungiyar da ta ƙulla yarjejeniya da naira ta ci gaba da karɓar miliyan 23 yayin da siminti da magani da man fetur suka yi tashin gwauron zabo. Wadda ta ƙulla da dala kuwa ta wayi gari da rarar naira, kuma wannan rara ba tata ba ce sai mai tallafi ya yarda da yadda za a kashe ta. A duka biyun, maganin guda ne: a rubuta wa jami'in shiri da wuri, a nuna masa lissafi, a nemi izinin gyara kasafi a rubuce. Sauya kuɗi daga wani layi zuwa wani ba tare da izini ba, ko da da kyakkyawar niyya, shi ne abin da odita zai kira kuɗin da ba a amince da shi ba, kuma ana iya cewa a mayar.

Bayan An Sa Hannu

Da yawa suna ganin hulɗa ta kammala ranar da kuɗi ya shigo asusu, alhali a ranar ta fara. Tallafi na biyu ana samunsa ne da yadda aka riƙe na farko. Rahoto ya tafi a kan lokaci, adadin da ke cikin bayani ya yi daidai da wanda ke cikin lissafi, kuma a gayyaci jami'in ya zo ya ga aiki a ranar aiki, ba ranar da aka yi shara aka tara yara da tutoci ba.

Inda ake gane ingancin hulɗa shi ne lokacin da abu ya ɓaci. Rijiyar burtsatse ta ƙi ba da ruwa, ko rashin tsaro ya hana shiga ƙauyukan da aka yi alkawari, ko an kama ma'aji da hannu dumu-dumu. Abin da zuciya ke so shi ne a rufe, a gyara a ɓoye. Amma masu tallafi sun san aiki a karkara yana gamuwa da cikas, kuma rahoton da babu matsala ko ɗaya a cikinsa shakka yake jawowa. Abin da ba sa yafewa shi ne su ji labarin daga bakin odita ko ɗan jarida. Jami'in da aka sanar da shi cikin mako guda, tare da matakin da amintattu suka ɗauka, yana da abin da zai faɗa wa manyansa. Wanda aka ɓoye wa, an kunyata shi, kuma jami'an gidauniyoyi a Abuja da Legas suna haɗuwa suna tambayar juna labarin ƙungiyoyi.

Haka nan idan an ƙi bayarwa, ba a yanke zumunci. Sau da yawa dalilin ƙi shi ne kason shekarar ya ƙare, ko aikin ya kauce wa manufa kaɗan. Ana yin godiya, a nemi bayani cikin ladabi, a ci gaba da aika rahoton shekara. Kuma kada hulɗar ta rataya a wuyan mutum guda, domin jami'ai suna sauya wurin aiki, shugabannin ƙungiyoyi ma suna tafiya. Ya kamata akanta ya san akanta, shugaban amintattu ya san darekta.

Duk da haka, bai kamata a yaudari kai ba. Hulɗar ba ta tsakanin tsara ba ce, mai kuɗi shi ke da wuƙa da nama. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu bayarwa sun yi alkawarin kai kashi 25 cikin 100 na kuɗin agajin gaggawa hannun ƙungiyoyin cikin gida zuwa 2020, alkawarin bai cika ba. A watan Nuwamban 2021 shugabar USAID ta lokacin, Samantha Power, ta ɗauki irin wannan alkawari na kashi 25 zuwa 2025, amma adadin ya tsaya wajen kashi 10 a 2022 da 2023, kafin hukumar kanta ta rushe. Kyakkyawar hulɗa ba ta hana siyasar wata ƙasa juyawa. Abin da take yi shi ne ta ba ƙungiya sanarwa da wuri, da wanda zai gabatar da ita ga wani. Akwai kuma haɗarin da ya fi yankewar kuɗi, wato ƙungiyar da aka kafa don ilmin 'ya'ya mata ta koma dashen itatuwa bana, baɗi ta koma sa ido a zaɓe, duk don bin inda kuɗi yake. Masu tallafi suna ganin wannan a tarihin ƙungiya, kuma ba ya ƙara mata daraja.

Saboda haka aikin amintattu ne su riƙa duba kason da kowane mai tallafi ke da shi a kuɗin shigar ƙungiya, su ɗauki matakin neman wani tun kafin guda ya mamaye. Gidauniyoyi masu zaman kansu ba za su iya cike gurbin gwamnatoci ba, ko da yake MacArthur ta ɗaga abin da take kashewa zuwa kashi 6 cikin 100 na dukiyarta a 2025 da 2026. Bill Gates kuma ya sanar a watan Mayun 2025 cewa gidauniyarsa za ta kashe kimanin dala miliyan 200,000 sa'an nan ta rufe a ƙarshen 2045. Wannan ya sa dole a waiwayi gida: zakka, da waƙafi, da kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya, da gudummawar kamfanoni. Attajirin Kantin Kwari ko na kasuwar Singa ba zai nemi takarda shafi talatin ba, amma shi ma yana son ya san inda kuɗinsa ya tafi, ga shi kuma ba kasafai ƙungiyoyi ke kai masa rahoto kamar yadda suke kai wa na waje ba. Kuɗin gida yana da wata fa'ida ta daban, domin galibi ba a ɗaure shi ga aiki guda, don haka da shi ake iya biyan odita da ajiye rarar wata uku na albashi. Kuma idan jami'in gidauniyar waje ya buɗe rahoton odita ya ga mutanen garin da kansu suna zuba kuɗi a ƙungiyar shekara bayan shekara, ya samu hujjar da zai kai gaban hukumarsa.